Zanen Teku a Ƙasar da Babu Teku

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Wudil ta nufi Gaya, da wuya ya kai ƙarshen tafiyarsa bai ci karo da teku ba. Zai gan shi a jikin babbar mota, ko a labulen da mai hoto yake ratayawa bayan wanda zai ɗauka, ko a kalandar da ke bangon shagon aski. Kusan kullum siffar ɗaya ce, watau ruwa shuɗi shar, da bishiyar kwakwa a karkace, da kwalekwale, da rana ja tana shirin faɗuwa. Alhali kuwa daga Gafasa, a ƙasar Ajingi da ke yankin Gaya, zuwa gaɓar teku mafi kusa akwai tazarar da ta wuce kilomita 800.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bayyana yadda teku ya shigo zanen Bahaushe, da abubuwan da zanensa yake bukata. Za a nuna cewa aibin da ake gani a irin waɗannan zane-zane ya samo asali ne daga kwaikwayon hoto ba tare da lura da ruwa ba, kuma cewa ruwan da mai zane yake da shi a gida, tare da kalmomin harshensa, sun isa su koya masa mafi yawan abin da yake nema.

2.0 Teku a Harshe da Tarihin Bahaushe

Manyan kalmomin da Bahaushe yake kiran wannan ruwa da su baƙi ne. "Bahar" daga Larabci take, kuma ita ce a cikin Bahar Rum da Bahar Maliya. Ita kuwa "teku", wasu masana suna ganin daga Yarabanci aka aro ta, daga wata magana mai ma'anar bakin teku. Wannan ya dace da hanyoyi biyu da Bahaushe ya bi ya san teku, watau hanyar gabas ta alhazai waɗanda suke ratsa Cadi da Sudan su haye Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda, da hanyar kudu ta fatake masu neman goro.

Daga cikin Hausawan farko da aka rubuta labarin tafiyarsu a teku akwai Dorugu, yaron da ya bi Dokta Barth ta Tarabulus zuwa Ingila a 1855, wanda J. F. Schön ya buga labarinsa a littafin Magana Hausa a 1885. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tafi hajji a jirgin ruwa ta hanyar Ingila. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, dubban sojojin Arewa sun ƙetare teku zuwa Indiya da Bama. Duk da haka, ga mafi yawan jama'a teku labari ne da ake ji a bakin wanda ya dawo.

Haka abin yake a zanen gargajiya. Zanen da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, kamar Dutsen Habude da Dutsen Mesa, yawancinsa na shanu ne. Adon magina a bangon gidajen Kano da Zariya ya ginu ne a kan dagi da sauran siffofi masu kusurwa da lanƙwasa, kuma ko da zamani ya zo aka fara sa keke da agogo da jirgin sama, ba a mai da shimfiɗar ruwa abin ado ba. Zayyanar allo ma haka take. Ke nan zanen teku ya shigo ne tare da fentin gwangwani da kalanda da darasin zane na makarantar boko.

Akwai kuma dalilin addini da ya sa ya sami karɓuwa. Malamai da yawa suna hana surar abu mai rai, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai sana'ar sura da ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai. Teku da gajimare da duwatsu suna cikin wannan rukuni. Saboda haka mai zane Musulmi yana iya cin abincinsa da su hankali kwance, mai gida kuma ya rataya su a falo ba tare da an yi masa gori ba.

3.0 Abubuwan da Zanen Teku Yake Bukata

3.1 Iyakar Gani

Abu na farko shi ne layin da sama take haɗuwa da ruwa, wanda za mu kira iyakar gani. Ga mutumin da ke tsaye a bakin ruwa, wannan layi yana nesa da shi da misalin kilomita 5, kuma kullum yana daidai da tsayin idonsa. Dole ne ya miƙe sosai, domin da ya karkata ko kaɗan, sai mai kallo ya ji kamar ruwan zai tsiyaye ta gefe ɗaya. Gwanaye ba su cika sa shi a tsakiyar allo ba. In gajimare ake son nunawa sai a saukar da shi ƙasa, in kuwa ruwa ne sai a ɗaga shi sama. Mutumin Gafasa bai kamata wannan ya zame masa baƙo ba, don kuwa ƙasarsa shimfiɗaɗɗiya ce, kuma bayan an yi girbi yana ganin inda fili yake ƙarewa a jikin sama. Ya kuma san yadda hazon hunturu yake dushe abin da ke nesa, wanda shi ne dalilin da ya sa ake sassauta launi da kaifin layi yayin da aka doshi iyakar gani.

3.2 Launin Ruwa

A nan ne aka fi yin kuskure, domin mai koyo yakan buɗe gwangwanin shuɗi ya shafe rabin allo da shi. Abubuwa uku ne suke haɗuwa su ba ruwa launi. Na ɗaya, ruwa yana shanye jan haske tun a 'yan mitocin farko, ya bar shuɗi ya nutsa, shi ya sa ruwa mai zurfi kuma garai-garai yake yin shuɗi mai duhu. Na biyu, abin da ke cikin ruwan ko a ƙarƙashinsa, kamar yashi da laka da gansakuka, yana juya shi zuwa tsanwa ko ruwan ƙasa, musamman kusa da gaɓa. Na uku, fuskar ruwa madubi ce, amma ƙarfin madubin ya danganta da inda aka tsaya. Wanda ya leƙa ruwa kai tsaye daga sama, misalin kashi 2 cikin 100 na haske ne kawai yake dawo masa daga fuskar ruwan, don haka cikin ruwan yake gani. Wanda ya hangi ruwa daga nesa kuwa, kusan sama kawai yake gani a kwance. Saboda haka ƙa'idar ita ce, ruwan kusa ya ɗauki launin cikinsa, na nesa ya ɗauki launin sama. In an zana jar rana tana faɗuwa, ba shi yiwuwa ruwan da ke ƙarƙashinta ya zauna shuɗi kamar na tsakar rana.

Abin sha'awa shi ne harshen Hausa ya riga ya lura da wannan. Ruwan da ba a gauraya shi da kome ba, Bahaushe yana ce masa baƙin ruwa, kuma lalle wanda ya leƙa rijiya ko randa duhu yake gani. Haka nan kuma da kalmar ruwa yake sa wa launuka da dama suna, alal misali ruwan toka da ruwan ƙasa da ruwan goro da ruwan hoda. Duk waɗannan launuka ana samunsu a fuskar teku a lokuta daban-daban na yini.

3.3 Raƙuman Ruwa

Bahaushe ya ari sunan abin da ya sani ya sa wa abin da bai sani ba. Ya ce raƙuman ruwa, ya kuma ce taguwar ruwa, kamar yadda ya zo a tarjamar Alƙur'ani ta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, taguwa kuwa ita ce raƙuma. Wannan kamance yana da amfani ga mai zane, domin kowace igiyar ruwa tana da tozo da kwari, da gefen da haske yake bugu da gefen da ke inuwa, kamar dai ayarin raƙuma a hantsi. Idan igiya ta iso ruwa marar zurfi, ƙasanta yakan rage sauri, sai ta daɗa tsawo, tozon ya rinjaya gaba ya fashe. Dab da fashewar, bakin tozon yakan yi siriri har haske ya ratsa shi ya ba da tsanwa mai haske. Kumfar da ta biyo baya ba fara fat ba ce duka, tana da inuwarta mai ruwan toka ko shuɗi-shuɗi, kuma farin tsantsa sai a ajiye shi don 'yan wuraren da rana ta fi bugu. Bugu da ƙari, igiyoyin kusa manya ne masu tazara, na nesa kuwa suna ƙanƙancewa suna matsuwa har su zama 'yan layuka. Wanda ya jera su da girma ɗaya tun daga gaɓa har iyakar gani, tabarma ya saƙa.

3.4 Gaɓa da Tsarin Aiki

Yashin da ruwa ya janye daga kansa ya fi busasshe duhu, kuma yana ƙyalli yana nuna sama. Kwalekwale a cikin ruwa yake zaune, don haka dole ruwa ya ɓoye gindinsa, a kuma ga inuwarsa tana karyewa a ƙarƙashi. Game da tsari, da sama ake farawa, tun da ita ce take yanke launin sauran abubuwa. Mai fentin mai yakan tashi daga duhu zuwa haske, ya sa kumfa a ƙarshe. Mai fentin ruwa kuwa daga haske yake tashi, kuma farin takardar yake bari ya zama kumfa, domin in ya rufe shi ba ya dawowa.

4.0 Shuɗi da Gwanayen Duniya

Kano ta shahara da shuɗin baba na marinar Ƙofar Mata, amma shi na tufafi ne. Shuɗin da ya shiga adon bango shi ne bula, wadda ake sa wa fararen kaya bayan wanki. Asalin irin wannan launi daga dutsen lazuwardi na Afganistan ake niƙo shi, yana da tsada ƙwarai, kuma sunan da Turawa suka ba shi yana nufin abin da ya zo daga ƙetaren teku. Sai a 1828 aka bayyana a Faransa cewa an gano hanyar haɗa shi a masana'anta, ya yi araha har ya iso kasuwanninmu. Wani shuɗin kuma, wanda aka gano a Balin wajen 1706, da shi ne Hokusai na Japan ya yi sanannen hotonsa na babbar igiyar Kanagawa wajen 1831.

Abin da ya haɗa gwanayen wannan fanni shi ne daɗewa a gaban ruwa. J. M. W. Turner na Ingila (1775–1851) ya bar ɗaruruwan littattafan zane da ya cika a tafiye-tafiyensa, da yawa a bakin teku. Ivan Aivazovsky (1817–1900), wanda aka haifa a gaɓar Baƙin Teku, yawancin aikinsa da ka yake yi a ɗaki, amma bayan ya tashi yana kallon ruwa tun yana yaro. Claude Monet kuwa a tashar jiragen ruwa ta Le Havre ya zana fitowar rana a 1872, ruwan nasa kuma toka-toka ne da ɗigon ruwan goro. A Nijeriya ma, Abiodun Olaku ya yi suna da zanen unguwannin bakin ruwa na Legas a hasken asuba da na magariba.

5.0 Darasi ga Malamai da Ɗalibai

A 1958 wasu ɗaliban zane na Kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ra'ayinsu shi ne a karɓi dabarun waje a haɗa su da gadon gida. Wannan ra'ayi ya shafi maganarmu kai tsaye. Malamin da ya ce wa yaron Gafasa ya zana teku, ya kuma miƙa masa kalanda, kwafi ya koya masa. Da zai kai shi bakin kududdufi da damina, ya sa shi ya faɗi launin ruwan da safe da azahar da la'asar, da ya koya masa abin da ke sashe na 3.2 gaba ɗaya. Kogin Haɗeja, wanda ya bi ta Wudil ya nufi Ringim, yana da kwalekwale da masunta da jiƙaƙƙen yashi. Madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, tana da faɗin da iska take tayar da igiya a kansa. Abin da waɗannan wurare ba za su bayar ba shi ne babbar igiya mai fashewa da cikowa da janyewar teku, su kam sai an je Legas ko Badagiri.

6.0 Kammalawa

An ga cewa teku baƙo ne a harshe da zanen Bahaushe, kuma addini da kasuwa sun buɗe masa ƙofa. An kuma ga cewa iyakar gani da launi da siffar igiya suna da ƙa'idojin da ake iya koyo a bakin ruwan gida. Aikin da ya rage ga masana harshe shi ne su tattara kalmomin masunta da masu fito na Wudil da Yawuri da Argungu game da yanayin ruwa, tun masu su suna raye, domin malamin zane ya sami abin koyarwa da Hausa. Shi kuwa mai zane, kafin ya buɗe gwangwani, ya fara zuwa bakin ruwa ya zauna, don Hausawa sun ce gani ya kori ji.