Takalmin Ƙarfe da Takardun Inshora: Abin da Iyaye Za Su Lura da Shi

'Yan'uwa, a ƙauyukanmu na Auyo muna da yaran da aka haifa da ƙafa a karkace, muna kuma da manya da shan-inna ya raunana wa ƙafa tun suna ƙanana. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan-inna ta daji daga Najeriya a 2020, amma waɗanda ta taɓa suna nan tare da mu. Da yawa cikinsu suna bukatar takalmin ƙarfe mai riƙe idon sawu da tafin ƙafa. Sau da yawa takarda ce ke hana su samu.

Lambobin da ke kan takarda

Mai inshora ba ya ganin majinyaci, takarda yake gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba kowace cuta lambarta. Ƙafar da ta karkace tun haihuwa tana ƙarƙashin Q66, raunin da shan-inna ya bari kuwa B91 ne. A Amurka takalman ma suna da nasu lambobin masu farawa da harafin L, kuma lambar wanda aka auna aka ƙera wa mutum dabam take da ta wanda aka saya a shirye. Idan abin da likita ya rubuta bai dace da abin da aka ba majinyaci ba, ana iya ƙin biya, kuɗin ya koma kan iyali.

Yadda abin yake a wurinmu

Dokar 2022 ta kafa hukumar NHIA a madadin NHIS, a Jigawa kuma akwai hukumar JICHMA. Mai rajista yakan fara da asibitin da aka rubuta shi. Daga nan ne ake tura shi gaba, kamar Babban Asibitin Haɗeja ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. A tsarin NHIA ana neman lambar izini kafin babban asibiti ya yi aikin.

Kafin mu kama hanya:

1. Mu karɓi takardar turawa, mu tabbata an rubuta sunan cutar da ƙafar da ta shafa: dama, hagu ko duka biyu.
2. Mu tambaya ko an samo lambar izini, mu kwafe ta.
3. Mu tambaya ko inshorar za ta biya takalmin ko kuwa mu za mu biya, kafin a auna ƙafa.
4. Mu duba sunan da ke kan kati ya zama ɗaya da na takarda.
5. Mu adana takardu da rasit cikin leda a wuri mai tudu. Ba mu manta da ambaliyar 2022 ba.

Me ya sa ba a jinkiri?

Jariri mai karkatacciyar ƙafa ana sa masa siminti, ana canzawa kowane mako har kusan mako shida. Bayan haka zai sa takalmin awa 23 a rana na wata uku, sa'an nan da dare har ya kai shekara huɗu zuwa biyar. Idan takalmin ya makara, ƙafar tana iya komawa yadda take. Yaro kuma yana girma, za a sake masa wani.

Saboda haka bari kowace ikilisiya ta zaɓi mutum ɗaya mai karatu da zai duba takardun iyali, ya kuma raka su asibiti ranar farko.