Daga Hamdara Zuwa Damagaram: Inda Man Direba Ke Zurarewa

Tun Nuwamban 2011 matatar SORAZ ke aiki a arewacin birnin Damagaram, tana tace ɗanyen man Agadem, ganga 20,000 a rana idan ta yi aiki sosai. Duk da haka a watan Maris na 2025 mun ga dogayen layuka a gidajen mai. Man ruwa-ruwa da ake tsallakowa da shi daga Najeriya, wanda ya daɗe yana rufa wa talaka asiri, ya yi tsada tun da aka janye tallafi a can a Mayun 2023. Mai kabu-kabu ko direban da ke jigila tsakanin Hamdara, Mirya da Damagaram ba shi da iko da farashin lita. Yadda litar za ta ƙone kuwa, wannan yana hannunsa.

A fara da taya, don a nan direbobinmu suka fi tafka asara ba su sani ba. Mai shiga ƙauyuka yakan rage iska domin kada rairayi ya riƙe shi, kuma daidai ne. Matsalar ita ce idan ya hau kwalta sai ya ci gaba a haka. Taya mai laushi tana shimfiɗuwa a kan titi, injin ya yi ta jan ta da ƙarfi, ga zafi da take ɗauka har ta kai ga fashewa. Kuɗin ƙara iska a wurin mai faci bai kai na rabin lita ba. A auna iskar da safe, kafin taya ta ɗumama.

Sai gudu. Iskar da ke tokare mota tana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninku biyu, shi ya sa mai tafiya a kan 80 yake isa da sauran mai a tanki fiye da mai tsala 110. Buhunan gero da aka jibga a saman mota ranar kasuwa suna ƙara wannan tokarewa. Murɗa totur da ƙarfi sannan a danne birki a bakin shingen jandarma, mai ne aka ƙona a banza. Hango nesa, ka ɗaga ƙafa da wuri, ka shiga babbar giya da zarar injin ya yarda.

A tasha kuma, wai don fasinja su ɗauka an kusa tashi, sai a bar mota tana ruri ana jiran cikon mutum biyu. Fasinjan yanzu ya gane wannan dabara, kashe motar.

Lokacin hunturu ƙura kan toshe matatar iska, babur mai kabireta ya koma shan mai yana baƙin hayaƙi. A riƙa cirewa ana kakkaɓewa.

Akwai tattalin da ba a so: kashe injin a gangara. A yawancin motoci birki da sitiyari kan yi tauri da zarar injin ya mutu, kuma a hanyarmu shanu da amalanke ba sa sallama kafin su hau titi.