Katakon Bakin Rufi: A Duba Shi Kafin Damina

Yau hirarmu a kan katakon nan ne da ake bugawa a bakin rufin kwano, wanda da yawanmu muke ɗauka ado ne kawai. A gaskiya shi ke rufe kan katakan da ke ɗauke da kwano, ya kare su daga ruwa, ya kuma tare jemagu da tsuntsaye kada su shige silin. In ya ruɓe, ƙusa ta saki, iskar farkon damina ta samu ƙofar yaye rufin.

Ya ake gane ya lalace? Ka ga fenti na ɓarewa, ko ƙasar gara a jikinsa, to ka danna shi da sukudireba. In ta nutse, ya ruɓe.

In wuri kaɗan ne, kafinta zai yanke ruɓaɓɓen, ya sa sabo, mahaɗar ta faɗo daidai kan katakon da ke bayansa. In ruɓar ta yi nisa, sai a sauya gaba ɗaya. A duba na bayan ma, don sabon katako ba ya kama ruɓaɓɓe. Kafin a buga, a shafa maganin gara da fenti gaba da baya, har bakin yankan. Kwano kuma ya ɗan zarce shi, don ruwa ya zuba ƙasa.

Don Allah a kula da wayar wuta kafin a jingina tsani. Ku leƙa rufin gidan iyayenku tun ana rani. Sai mun haɗu a shiri na gaba.