Zaren Kabon da Hikimar Magina: Yadda Ake Ƙarfafa Haɗaɗɗun Kayan Aiki

1.0 Gabatarwa

Idan aka ce haɗaɗɗen kayan aiki, ana nufin abin da aka samar ta hanyar gwama abubuwa biyu ko fiye, domin a sami ƙarfin da ɗayansu shi kaɗai ba shi da shi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Duk wanda ya ga yadda magina suke kwaɓa ƙasa a garuruwan ƙasar Gaya, irin su Gafasa, ya san sukan zuba yankakkiyar ciyawa a ciki, su tattake, su bar ta ta kwana biyu kafin a yi tubali. Ciyawa ita ce zare, ƙasa kuwa ita ce mariƙinsa. Haka kuma laso, wanda ake shafe karofin marina da rufin soro da shi, haɗi ne na katsi da gashin akuya da ruwan dafara mai yauƙi, wanda ke ɗaure su wuri guda.

2.0 Zaren Kabon

Kabon shi ne sinadarin da ya fi yawa a cikin gawayi. Ana samar da zarensa ne daga wani zaren roba. Da farko akan gasa shi cikin iska a zafin da ya kai digiri 200 zuwa 300 a ma'aunin Salshiyos, sannan a ƙona shi a zafin da ya haura digiri 1,000 a inda babu iskar oksijin. Abin da ya rage shi ne baƙin zare wanda ya fi gashin kai siranta ƙwarai, ga ƙarfi ga rashin nauyi. Akio Shindo na Japan ya yi fice a wannan bincike wajen 1960, sannan masana a Farnborough ta Ingila suka inganta hanyar a 1963. Akan jera dubban zaruruwan a zuba musu wani ƙaro mai suna efoksi, ya daskare. Kusan rabin nauyin jirgin sama samfurin Boeing 787, wanda ya fara jigilar fasinja a 2011, haɗaɗɗun kaya ne irin waɗannan.

3.0 Matsalar da Maganinta

Matsalar ita ce, jikin zaren kabon yana da santsi, kuma ba ya saurin haɗuwa da wani sinadari, don haka ƙaro ba ya kama shi sosai. Idan nauyi ya hau, sai zaren ya zame, abin ya dare. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan ma ta wannan tsaga danshi ke shiga ya ƙarasa ɓarna.

Maganin yana da matakai biyu. Na farko, akan ratsa da zaren ta cikin ruwan da aka narkar da wani gishirin sinadari, a sakar masa wutar lantarki. Wannan yakan kankare raunanniyar fatar zaren, ya dasa ƙwayoyin oksijin a jikinsa, waɗanda ƙaro zai damƙa. Na biyu, akan shafa masa siririn ƙaro domin ya kare shi daga karcewa, ya kuma zama gada tsakaninsa da mariƙinsa. Aikin da dafara ke yi a laso ke nan. Sai dai in an wuce gona da iri, zaren yakan raunana, haɗin kuma ya yi gautsi, ya riƙa karyewa farat ɗaya.

4.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa ƙarfin haɗaɗɗen abu yana ga mahaɗar zare da mariƙinsa. Malamin da zai koyar da irin wannan darasi da Hausa, ya kyautu ya faro daga tubali da laso, waɗanda ɗalibansa suka sani, kafin ya kai su ga jirgin sama.

Auna Fahimta

1. Kawo abubuwa uku da ake haɗa laso da su.
2. Me ya sa ake gyara jikin zaren kabon kafin a zuba masa ƙaro?