Babi na Bakwai: Abincin Mai Ɗauke da Ƙwayar Kanjamau

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ƙasar Garun Malam da Kura da Bunkure ta daina hutun rani. Ga shinkafa, ga alkama, ga tumatirin da manyan motoci ke lodi a Kwanar Gafan. Amma a wannan ƙasa mai albarka za ka ga an sayar da kwanon wake an sayo wa majinyaci lemon gwangwani, wai ya ƙara jini. Wane jini? Yawancin abin da ke ciki ruwa ne da sukari, waken da aka rabu da shi kuwa shi ne mai gina jiki.

A 2003 masanan Hukumar Lafiya ta Duniya sun ƙiyasta cewa babba mai ɗauke da ƙwayar yana buƙatar ƙarin kashi 10 cikin 100 na abinci mai ba da kuzari, ko da lafiyarsa ƙalau. In ciwo ya taso, sai 20 zuwa 30.

A ganina babu abin da ya kai kunun gyaɗa cike wannan giɓi. Wanda kuraje suka kama masa baki, tuwo ya gagare shi, miyar yaji ta zama azaba, zai iya kurɓar kunu. Gyaɗar na ba shi mai da abin gina jiki, shinkafar na riƙe ciki. A dama da kauri, a rage tsamiya don kada ta yi masa zafi a baki, a bar shi ya huce, a riƙa ba shi rabin kofi a kai a kai maimakon cika masa kwano ya gani zuciyarsa ta tashi. Kafin a kai niƙa, uwargida ta baza gyaɗar a faifai ta tsince duk wadda ta yi baƙi ko ta yi funfuna, domin gubarta hanta take ci. Ranar da baki ya warke, a koma ɗanwake da ƙwai, da ƙuli-ƙuli a kwaɗo.

Kwaɗon ya kawo mu kan zogale. Ganye ne mai amfani, a ci a ƙoshi. Sai dai masu yawo da garinsa a leda suna cewa yana kashe ƙwayar, ƙarya suke yi, kuma ƙaryar tana kai mutane kabari. Abin da ke danne ƙwayar shi ne maganin asibiti, wanda gwamnati ke bayarwa kyauta tun 2006.

Ruwan kwata na ban gona ne. Na sha a tafasa shi, latas da kabeji a wanke da ruwa mai tsabta, don gudawa na saurin ramar da irin wannan majinyaci. Mai shan magani mai ɗauke da dolutegravir kuma, in zai haɗa da ƙwayar ƙarin jini ko maganin gyambon ciki, ya tambayi likita tazarar awa nawa zai bari tsakaninsu, saboda suna hana jiki tsotse maganin.