Yadda Ake Yin Jam Na Ɓaure A Gida

A ƙasar Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu, da wuya a sami fadama ko bakin rafi inda babu itacen ɓaure. Idan ya yi 'ya'ya, yara su tsinci kaɗan, saura kuwa sai awaki da tsuntsaye da jemagu. Dalili shi ne ɓaure ba ya jimiri, in ya nuna, kwana 2 ko 3 ya lalace. Amma akwai dabarar adana shi wata da watanni, watau a dafa shi da sukari har ya yi kauri kamar alewar da ba ta daskare ba. Wannan shi ake kira jam, ana shafa shi a burodi ko a zuba a kunu. A Turkiyya da Masar haka ake yi da ɗan'uwansa, wanda Larabawa ke kira tin.

Abin da ke hana mutane da yawa cin ɓaure shi ne ƙwarin da ke cikinsa. Waɗannan ƙwari ba dafi gare su ba. Furen ɓaure a cikin ɗan yake ɓoye, su ne ke shiga ta 'yar ƙofar da ke ƙasansa su kai masa garin fure, in babu su ba ya yin iri. Saboda haka a tsinko nunannu daga bisa, kada a kwashi na ƙasa. A yanke tsinken, gama farin ruwan nan yana sa ƙaiƙayi. Sa'an nan a tsaga kowane ɗa biyu, a kankare cikin, a wanke da ruwa mai tsabta. Wanda ya yi tsutsa ko ya soma tsami a yar.

Ga awo: ɓauren da aka gyara kilo 1, sukari giram 750, ruwan lemon tsami cokali 4 manya, ruwa kofi 1. A yayyanka ɓauren ƙanana, a dafa da ruwan har ya yi laushi, kana a zuba sukari da lemon. In an riga an zuba sukari tun ɓauren bai dahu ba, fatarsa za ta yi tauri. A yi ta juyawa da muciya a wuta matsakaiciya don kada ya kama. Tukunyar ƙarfe mai tsatsa ba ta dace ba, tana baƙanta shi.

Batun lemon tsami fa ba na daɗin baki kaɗai ba ne, kuma nan ne masu yi suka fi sakaci. Ɓaure ba shi da tsami na kansa. Akwai wata ƙwayar cuta a cikin ƙasa wadda tafasa ba ta kashe irinta, tana kuwa hayayyafa a abincin da aka rufe, marar tsami, inda iska ba ta shiga. Gubarta tana shanye jiki, tana iya kisa, ba lalle ne kuma a ji wari ba. Tsami da yawan sukari su ke hana ta tashi. Mai rage ɗayansu don tsimi ya yi ganganci da lafiyar iyalinsa.

Bayan kamar minti 30 ko 40, a ɗiga kaɗan a faranti mai sanyi. In ya huce aka tura shi da yatsa ya tattare, ya yi. A tanadi kwalabe masu faɗin baki da murfin ƙarfe, a tafasa su minti 10, a zuba jam ɗin da zafinsa, a rufe gam, a sāke tafasa su a rufe minti 10. A ajiye a inuwa. Kwalbar da aka buɗe kuwa, in babu firiji, a cinye ta cikin 'yan kwanaki, kada a sa jiƙaƙƙen cokali a ciki. Wadda murfinta ya kumbura ko ta yi fumfuna a zubar da ita duka, ba a kwashe sama a ci ƙasa.

Dutse ta yi suna wajen dabino, har akwai tashar binciken dabino ta NIFOR a garin. Dabinon damina, wanda laima ke ruɓar da shi kafin ya bushe, shi ma ana cetonsa ta wannan hanya. A cire ƙwallon, a ƙara ruwa, a rage sukari tun da yana da nasa zaƙi, amma lemon tsami yana nan a awonsa.