Ruwan kunne ba ya tafiya da girma

"Zai daina in ya girma." Abin da wata maƙwabciyarmu a unguwar Gwange ta Maiduguri ta ce ke nan da na tambaye ta dalilin da ɗanta ke yawo kullum da auduga cushe a kunnen hagu. Shekararsa shida, kunnen kuwa ya haura shekara yana tsiyayar da ruwa mai wari, har ƙudaje na binsa. Ta ɗiga masa man zaitun, ta ɗiga ruwan albasa, ta sayo maganin ɗigawa a kemis sau uku. Da yake yaron ba ya kukan ciwo, sai hankalinta ya kwanta. Malaminsa na allo ne ya fara lura cewa sai ya karkato kunnen dama kafin ya ɗauki karatu.

Rashin ciwon nan shi ne tarkon. Akwai wata siririyar hanya da ta haɗa bayan hanci da cikin kunne. Idan yaro ya yi mura, ƙwayoyin cuta kan bi ta nan su tara mugunya a bayan dodon kunne, yaro ya kwana yana ihu yana jan kunnensa. Da mugunyar ta huda dodon kunnen ta samu mafita, sai zafin ya sauka, uwa ta ce Alhamdulillahi. Alhali ƙofa ce ta buɗe. Ruwan wanka zai shiga, datti zai shiga, ƙananan ƙasusuwa uku da ke isar da sauti ciki su riƙa lalacewa a hankali. Kunnen da ya wuce mako biyu yana zuba ya fi ƙarfin kemis, aikin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne. In kuma bayan kunnen ya kumbura, ko aka samu zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, ko wuya ya sandare, to ba a kwana da shi a gida, don cutar na iya kaiwa ga ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumcin yara ana iya kauce masa.

Maiduguri kuma tana da nata ƙarin. Tun daga 2009 mutane da yawa a garin nan sun tsaya kusa da inda bam ya tashi, suka tsira ba ko ƙwarzane, amma har yau kunnensu na ƙugi dare da rana, ko sai an ɗaga murya suke ji. Ƙarar fashewa na yaga dodon kunne. Wani ya haɗe da kansa cikin makonni, wani sai an yi aikin faci. Masu injin niƙa da masu yini a gindin janareta nasu jin a hankali yake cinyewa, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Wanda kuwa ya wayi gari kunne ɗaya ya toshe ɗif babu mura, kada ya ɗauko gashin kaza ko tsinken ashana yana sakata; ya tafi asibiti a ranar, don maganin irin wannan a kwanakin farko yake aiki.

Bayan kunne, sai hanci. Da hunturu hanci kan bushe, haɓo ya yi yawa. A sunkuyar da kai gaba, ba baya ba kamar yadda muka saba, a matse tattausan hancin minti goma zuwa sha biyar. In jini ya ƙi tsayawa, ko yana yawan dawowa, musamman ga dattijo mai hawan jini, a je asibiti. Yaron da hancinsa ɗaya tak ke fitar da majina mai ɗoyi, galibi wake ne ko dutsen ado ya tura. In ƙaramin batirin agogo ne, minti ɗaya ma kada a ɓata, ƙona nama yake yi.

Maƙogwaro kuwa, mun saba duk abin da ya same shi mu ce belu ne, a kira wanzami. Ba na raina sana'ar wanzanci, amma yanke belu ba ya warkar da tari, kuma ya sha jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Muryar da ta dishe sama da mako uku, ko abinci na tsayawa a wuya, ko wani ƙullutu ya fito bai da ciwo kuma bai baje ba, musamman ga mai shan taba, dole a leƙa da na'ura, domin ciwon daji ma haka yake farawa.

Akwai sashen likitocin kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da ke kan hanyar Bama, kuma asibitin unguwa na iya rubuta takardar turawa can. Layin da tsawo, kuɗin Keke Napep ma abin lissafi ne a yanzu, na sani. Amma iyaye mata, don Allah yau in kun zo yi wa yara wanka, ku duba kunnuwansu, ku shinshina.